Bishiyar da Yaya Ta Ɓoye

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda abokan aikinta ke kira Dakta, ɗalibanta kuma ke kira Uwar Ɓeraye idan ta ba su baya. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma Tela take ce mini tun ranar da na fara taka keken ɗinki. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin teburin aikinta, aka kai ta asibiti, ta yi 'yar jinya, ba ta sake takawa da ƙafarta ba. An yi mata sutura a ranar, bayan la'asar.

Tun daga ranar nake jin abin da manya ke faɗa a kanki, Yaya. Kowa ya san ki, kowa ya taimake ki, kowa da hannunsa a nasararki. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, almakashi na sani, amma idan na yi shiru wannan abu zai ci ni. Akwai wata bishiya guda ɗaya da kika bar mini amana, ita kaɗai ta rage daga irin da kika ƙarar da ƙuruciyarki a kansa. Labarinta nake so in ba ki, don ba a yi shi a kan idonki ba. Sunanta kuwa ba zan faɗa ba, don faɗin sunan ne ya jawo mata duk abin da ya same ta.

Saboda ni kika shiga wannan aiki, kuma ban taɓa jin kin gaya wa kowa ba. Ina saurayi abin ya fara mini, da rana tsaka, ina cikin yanka yadin wani. Haka kawai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta shiga dukan ƙirji, gumi ya keto, hannuna ya kama rawa har almakashi ya suɓuce. Na tabbata mutuwa ce ta zo. Ta wuce, ta dawo, ta mai da ni wurin zuwanta. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sammu, kawunmu ya ce raki ne kawai, namiji ba ya haka. Kaka kuwa ta ɗauki wuƙa ta nufi bakin rafi, ke kuma kina bin ta da kwanon laka.

Ke kika bayyana mini amfanin lakar daga baya. Kaka ba ta ɗaye ɓawo sai ta gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, daga sama zuwa ƙasa. Ba ta taɓa bari yankan ya zagaye gindin ya haɗu ba. Idan ta gama sai ta shafe wurin da laka, kuma ba ta komawa kan wannan bishiyar sai miki ya rufe. Ta dafa mini sassaƙen na sha. Wani lokaci yakan kwantar mini da hankali, wani lokaci kuma ya bar ni da ciwon baya da amai, ita kanta Kaka ba ta san me ya bambanta wannan tukunya da waccan ba.

Ke kika ja ni zuwa wurin likita, ina tirjewa don kunya. Ƙwayoyin da ya ba ni sun yi aiki, har yau su nake sha, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai suna ɗaure mini ido. Tela mai gyangyaɗi kuwa abin tsoro ne. Kin tuna wandon da na ɗinka wa maƙwabcinmu ladan, ƙafa ɗaya tana sharar ƙasa, ɗaya ta tsaya a ƙwauri? Kin yi dariya har kika riƙe ƙofar shagon. Da dariyar ta lafa, kika zauna a kan tarin ƙyallaye kika ce akwai wani abu a cikin ɓawon Kaka da ke kwantar da zuciya ba tare da ya kwantar da mutum ba, kuma sai kin zaƙulo shi. Na ɗauka irin maganar lallashi ce.

Ashe ba ki faɗa don lallashi ba. Kika yi karatun haɗa magunguna, kika shiga cibiyar bincike, aka ba ki wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da famfon da ke tari kafin ya kawo ruwa. Ni ban fahimci kwalabenki da ma'aunanki ba, amma ni nake ɗinka miki fararen rigunan aiki, kuma a jikinsu nake karanta yadda kike ciki. Idan riga ta dawo da ƙananan huji a hannu, na san kina cikin aikin ruwan da ke cin yadi. Idan ta dawo da jan tabon da sabulu ba ya fitarwa, na san kin koma tatar ɓawo. Kullum ƙorafinki ɗaya, aljihu ya yi kaɗan. Na riƙa faɗaɗa shi har sai da mijinki ya ce in daina, kada wata rana ki sako masa ɓera a ciki zuwa gida.

Ɗalibanki ma sun san wannan aljihu. Wanda ya zo bai karya ba, daga ciki ake fito masa da abin taɓawa. Wanda ya fasa kwalba yana rawar jiki, ba kya yi masa tsawa, sai ki miƙa masa tsintsiya ki ce ya share tsoron tare da gilashin. Amma wanda ya yi miki ƙarya a sakamakon gwaji, ko ɗan waye, ba ya sake taka ɗakin.

Ba zan manta ranar da kika aiko a kira ni ba. Na tarar da wani katako a ɗage bisa ƙafafu, mai hannuwa huɗu kamar mararraba. Hannu biyu suna da bango, biyu a buɗe suke, ba abin da ya kare su. Kika ce ɓeran da ke cikin fargaba bango yake nema, ya laɓe a lungu, ko me za a yi ba ya fitowa fili. Kika saki na farko, ya ruga lungu ya dunƙule. Kika kalle ni ta gefen ido kika ce ga ɗan'uwana can, in gaishe shi. Sannan kika saki wanda aka ba wa abin da kika tace daga ɓawon. Ya shinshina, ya taka a hankali, ya bi buɗaɗɗen hannun har ƙarshe, ya zauna yana wanke fuska da hannuwansa, idonsa tar, ba alamar barci. Ni da gemuna na tsaya a gaban ɓera ina hawaye. Kika juya kina gyara kwalaben da ba su buƙaci gyara ba.

A nan take na ce ki ba ni in sha. Kika hana ni.

"Kai ƙanena ne, Tela, ba ɓera ba ne."

Kika yi mini bayani yadda zan gane. Abu biyu ne a cikin ɓawon, suna manne da juna. Ɗaya shi ke kwantar da zuciya, ɗayan kuma yana cin ƙoda idan ya yi yawa, shi ne ciwon bayan da nake yi a zamanin Kaka. Kin fara raba su, amma ba ki gama ba, kuma ko kin gama akwai gwaje-gwaje masu tsawo kafin a ba ɗan Adam. Ban ji bayanin ba, fushi na yi. Na daina zuwa gidanki, na daina ɗaukar wayarki. Sai ga ki wata safiya da riga a hannu, wai ƙusa ta yage ta. Yaya, ƙusa ba ta yanka a miƙe. Na san aikin almakashi idan na gan shi. Na karɓa na ɗinke, muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Da a ce an bar ki da ɓerayenki da haƙurinki, da yau wani labarin nake rubutawa. Amma cibiyarku tana da Shugaba, mutumin da idan ya ga lasifika jikinsa har tsuma yake. Kin je ofishinsa kin roƙe shi kada a ambaci sunan bishiyar sai an gama aikin, sai kuma an yi gandun renonta, don kin san halin mutane. Ya ce ki kwantar da hankalinki. Da manyan baƙi suka tashi kawo ziyara, ya rasa abin nunawa, sai ya tara 'yan jarida, ya ɗaga reshe a hannu, ya kira sunan bishiyar da babbar murya, ya ce cibiyarsa ta gano maganin fargaba. Zancen ƙoda ko da wasa bai fito daga bakinsa ba. Har hoton ganyen ya sa aka buga a kalanda da allon bakin ƙofa.

To wa ya rasa fargaba a wannan zamani? Mai neman aiki, mai jiran haihuwa, mai ɗa a hanya, kowa yana da abin da ke faɗar masa da gaba. Kafin wata ya zagayo masu gizago da buhuna sun bazu. Su ba ruwansu da gefe ɗaya, ba ruwansu da laka. Daga ƙasa suke farawa su zagaye gindin, su ɗaye iya inda hannu ya kai. Suka cinye na bakin rafi, suka cinye na hanyar gonaki, suka tsallaka waya suka cinye waɗanda kika ɗaura wa alama a bayan cibiyar.

Kin ɗauke ni mun je bakin rafin Kaka tare. Bishiyoyin suna tsaye, gindinsu fari fat, ganyensu kore shar kamar ba abin da ya faru. Na ce ai da sauran rai, ga ganye nan. Kika ɗora tafin hannunki a kan ɗaya kika ce a'a. Abincin da ganye ke aika wa saiwa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, idan an yanke hanyar ta ko'ina, saiwa ce ke fara mutuwa da yunwa, sama ba ta samun labari sai daga baya. Kika ƙara da cewa irin wannan bishiyar takan yi 'ya'ya da yawa fiye da kullum kafin ta bushe. Amma lokacin ba na fure ba ne, waɗannan ba su kai ga haka ba. A ranar na fara ganin kina dafe ƙeya.

Sannan kwalabe suka cika kasuwa, jan ruwa a ciki, hotonki da aka yanko daga jarida a manne a jiki. Mutane suka sha kamar ruwan randa. Da aka fara kwantar da wasu a asibiti ƙafafunsu a kumbure, Shugaba ya koma gaban lasifikar, ya ce wata ma'aikaciya ce ta yi gaggawa, kuma an kafa kwamiti. Ke da kika roƙi a yi shiru, ke aka shafa wa kashin kaji. Aka garƙame ɗakinki, aka kashe wutar ɓangaren, firjin da ke riƙe da abin da kika tace shekara da shekaru ya narke ya yi wari. Da kwamitin ya gaji da zama ya ce ba ki da laifi, a bakin masinja kika ji, ya miƙo miki makulli ya juya. Har kika koma ga Allah ba wanda ya ce miki yi haƙuri.

Duk da haka kin zaga asibiti kin duba waɗanda suka sha jan ruwan. Wata mata ta tofa miki yawu a gefen zane, kika tsaya har ta gama, sannan kika tambayi likitanta yadda ƙodarta take.

Kina dawowa daga irin wannan zagaye ne kika hango kan wata bishiya ta saman katangar maƙabarta. Kika zo shago kina haki kamar yarinya, kika ce in shiga in dubo miki gindinta. Na shiga na zagaya ta, ban ga ko ƙwarzane ba. Masu buhun da ba su ji tsoron waya ba, ba su ji tsoron hukuma ba, sun ji tsoron kaburbura. Na ɗauka za ki ce in ɗebo miki ɓawo ki ci gaba da aiki. Kika ce ko ƙanƙani ba za a taɓa ba, iri kike so, a shuka a samu gandu, sannan a koma kan bincike. Ba kowace shekara take haihuwa ba, saboda haka kika zauna jira. Daga ni sai mijinki muka san da ita.

A gadon asibiti, bakinki ya karkace, magana tana fita da ƙyar, kika jawo hannuna.

"Tela, ta yi fure?"

Na ce ta yi, har ƙasa ta yi fari.

"Ka tsinto 'ya'yan idan sun nuna. Kada kowa ya ji."

Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan. Ni na yanka likkafaninki, na hana kowa taɓawa. Farin yadi ne kamar wanda na saba yanka miki, sai dai wannan karon ba ki tsaya a kaina kina cewa in faɗaɗa aljihu ba.

Da muka shiga maƙabarta da makara, na ga layin sababbin kaburbura ya kai gindin bishiyar, nan masu haƙa suka haƙa miki. Gabana ya faɗi, sannan na ce a raina wata rahama ce. Jama'a kuwa sun taru, maƙabartar ta cika har kan katanga. Aka sa ki, aka toshe da laka, aka mai da ƙasa, liman ya yi addu'a. Mutane sun fara juyawa ke nan Shugaba ya matso ya ce a ba shi dama ya faɗi kalma ɗaya. Ya yabe ki da duk abin da bai faɗa ba kina da rai. Yana cikin yabon ya ɗaga kai. Mutumin nan bai san dawa ba, bai san rafi ba, amma ya san ganyen da ke jikin kalandarsa.

"Jama'a, ku dubi ikon Allah. Bishiyarta ce wannan. Ita ce za ta yi mata inuwa."

Kowa ya ɗaga kai, ana ta kabbara. Mijinki ya damƙe mini wuyan hannu har ya yi mini shaida. Ni kuwa ba sama nake kallo ba, fuskoki nake kallo, kuma na ga idanun da suka sauko daga ganye suka tsaya a kan gindi.

Kafin mu fita na roƙi mai gadin maƙabartar ya sa ido. Tsoho ne, ya ce zai yi iya yinsa, amma katangar baya gajeriya ce. Na yi niyyar in dawo da waya mai ƙaya in naɗe gindin, sai zaman karɓar gaisuwa ya riƙe ni, baƙi na shiga na fita, ni ne namiji a ɗakinmu. Sai ranar Juma'a da safe na samu na zame da wayar a hannu.

Sun riga ni, Yaya. Sun ɗaye ta tun daga gwiwa har sama da tsayin mutum, sun zagaye ta, ba su bar ko siririn zare da zai haɗa sama da ƙasa ba. Ɓarɓashin ɓawo ya zuba a kan kabarinki. A kan tudun ƙasarki, wadda ko bushewa ba ta gama yi ba, akwai sawun takalmi, wani ya taka ki don hannunsa ya ƙara kaiwa sama. Ban san ko su waye ba. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya yi wannan yana cikin waɗanda suka tsaya a sahu suka yi miki salla, ko kuma a bakinsu ya ji.

Na ajiye wayar. Ramin da aka kwaɓa lakar kabarinki yana nan da sauran danshi, na ƙara ruwa na kwaɓa, na shafe gindin da hannuna tun daga ƙasa har inda na iya kaiwa. Na san ba zai yi amfani ba, ke kika koya mini. Ban dai iya barin ta tsirara a kanki ba.

Da na koma gida na tarar da Shugaba a zaure da tawagarsa, ya zo ta'aziyya, yana sanar da cewa za a sa wa ɗakin bincikenki sunanki, za a yi taro a gayyaci 'yan jarida. Na tsaya da laka a farce, na rasa ta inda zan fara. Inna ce ta fanshe ni. Daga bayan labule ta yi magana, da muryar nan tata da ba ta tashi sama.

"A ce masa mun gode. A ce masa kuma, don girman Allah, ya bar ambaton 'yata a gaban taro. Abin da ya faɗa ya isa."

Shugaba bai daɗe ba ya ce suna da wani uzuri.

Sun riga sun ɗaye ta, shi ya sa yau nake iya faɗin inda bishiyar take, ba sauran abin ɓoyewa. Tana nan tsaye a kanki, ganyenta kore, labari bai kai mata ba tukuna. Furen ya zube, 'ya'ya sun fito, kuma kamar yadda kika faɗa, sun yi yawan da rassan har sun sunkuya. Ɗanyu ne, ƙanana. Ban sani ba ko za su nuna kafin saiwar ta ƙare. Na ɓalle aljihun rigar aikinki ta ƙarshe na yi masa zariya, da shi nake zuwa kowace safiya, in yi miki addu'a, in duba ƙasa, in koma shago da shi ba komai a ciki. Ga masu buhu ina cewa, 'ya'yan nan ba magani ba ne, ba sa kwantar da komai, ku bar mini su. Shi kuma Shugaba, idan wannan rubutu ya kai gare shi, ya taimaka ya karanta a zuci.

An ce in yafe, kuma na san ke da tuni kin yafe. Ni ban kai nan ba tukuna, ba zan yi ƙarya a kan kabarinki ba. Ina roƙon Allah Ya kai ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, wadda ta binne wadda take sa ran za ta binne ta, da mijinki da ya yi haƙuri da warin ɓawo a gidansa bai taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanki, da ɗalibanki da suka yi kuka na gaskiya, da duk wani mai faɗuwar gaba da bai san abin da ya rasa ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya ba waɗanda jan ruwan ya kwantar lafiya.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Ya sa wahalar da kika sha ta zama kaffara, Ya karɓi aikinki ko da mutane sun zubar. Natsuwar da kika nema mana a duniya aka hana ki, Allah Ya ba ki ita cikakkiya a inda babu fargaba, Ya sa ki a inuwar da ba mai iya kai mata gizago. Amin.